Kafin ka ɗora sifana a kan tsohuwar Fijo

Da wuya ka zaga unguwa a Kano ba ka ga wata tsohuwar mota a ajiye ba. Tayoyi sun sace, ƙura ta rufe gilashi, kaji na kwana a ƙarƙashinta. Yawanci Fijo 504 ce. Wani lokaci 404 a-kori-kura, ko Marsandi, ko Bitil. Idan akwai irinta a gidanku kuma ranka ya raya maka ka tashe ta, ƙanena, za a iya. Ke ma ƙanwata, idan motar Baba ta faɗo a rabonki, maganar nan har da ke.

Amma riƙe wannan tun yanzu: yawancin irin wannan aiki a wurin kwancewa yake mutuwa. Samari su taru da zafin nama su wargaza mota cikin wuni biyu, a zube notina a bokiti ɗaya. Bayan shekara ba wanda ya san wane noti ne na ina, wasu kayan ma sun yi ƙafa. Ƙarshenta 'yan gwangwan su auna ta a kilo. Shi ya sa zan fi daɗewa a kan kwancewa da kuma ƙarfen da ke ƙarƙashin fenti.

1. Fara da takarda

Idan motar marigayi ce, tana cikin gado. Tara magada, a yi mata kuɗi a yadda take yanzu, a rubuta, shaidu su sa hannu. Motar da ba wanda ya kalla shekara goma, ranar da ta fito tana sheƙi kowa zai tuna yana da rabo a ciki. Kashe wannan magana kafin ka kashe ko sisi.

Gobe da safe ka ɗauki tocila da tsumma ka nemo lambar casis da ta inji. A Fijo ka leƙa ɗakin inji. A Bitil ka ɗage kujerar baya, lambar tana buge a kan doron ƙarfen da ya ratsa tsakiyar mota. Gwada su da abin da ke cikin takardu, harafi da harafi.

Idan saye za ka yi kuma ka ga alamar giranda ko walda a kewayen lambar, haƙura da motar komai kyanta. Hedkwatar 'yan sandan jihar Kano a Bompai take, kuma bai kamata a can za ka fara jin tarihin motarka bayan ka zuba mata dukiya ba. Wadda aka harhaɗa a Najeriya ba ta da takardar kwastan. Wadda aka shigo da ita daga waje kuwa, nemi takardarta.

2. San irin ginin motarka

Idan wannan ne aikinka na farko, 504 nake ba ka shawara. Kamfanin Peugeot ya fito da ita a Faransa a 1968, a 1969 aka zaɓe ta motar shekara a Turai, a 1975 kuma ta cinye gasar Safari ta Gabashin Afirka. A 1975 ɗin ne masana'antar PAN da ke Kakuri a Kaduna ta fara harhaɗa motocin Fijo. Faransa ta daina yin salun ɗin 504 a 1983, amma Kaduna ta ci gaba da ita har cikin shekarun 2000. Amfanin wannan tarihi a gare ka shi ne kayanta ba su ƙare a ƙasar nan ba, kuma dattawan makanikan da suka san ta ciki da bai suna nan da ransu.

Yanzu ga abin da zai tsara maka aikin gaba ɗaya. Motoci iri biyu ne. Akwai mai casis daban, wadda ake ɗora mata bodi a ɗaure da notina: Land Rover, tsohuwar Land Cruiser, da Bitil, wadda kamfanin Volkswagen ya fara harhaɗawa a Legas a 1975. Waɗannan ana iya ɗage bodinsu a ajiye gefe.

Akwai kuma wadda bodin shi ne casis ɗin, a haɗe suke da walda tun daga masana'anta. Salun da wagon na 504 haka suke, haka ma Marsandi W123 da aka fara sayarwa a 1976. Duk wanda ya ce zai raba maka bodin salun 504 da casis ɗinta, bai san motar ba. Nemi wani.

A cikin 504 ɗin ma akwai bambanci. Wasu aksil ɗaya miƙaƙƙe gare su a baya, wasu kowace ƙafa da nata motsin. Durƙusa ka leƙa kafin ka je sayen kaya.

3. Bincika jikinta da hannunka

Kayan aiki uku kawai kake bukata: tocila, sukundireba, da ƙaramin maganaɗisu irin na cikin tsohuwar sifika. Naɗe maganaɗisun a tsumma mai laushi. Ɗora shi a tsakiyar ƙofa, za ka ji ya cafke. Ja shi a hankali zuwa ƙasan ƙofar. Inda ka ji ya saki, ko ya zame ya faɗi, ba ƙarfe ba ne a wurin, fila ce aka cusa aka yi fenti a kai. Zagaye wurin da alli. Bi bakin madigadi huɗun da haka, da ƙasan but. Land Rover ce kaɗai wannan gwaji ba ya yi wa aiki, domin yawancin jikinta alminiyam ne.

Sai ka cire darduma da ledar ƙasa. Caka sukundireba a daɓen mota, a dogarin da ke ƙarƙashin ƙofofi, a wurin sa jak, a mazaunin batir, da inda shokozoba na gaba suka ɗaure a ɗakin inji. Kada ka ji tausayi. Ƙarfen da sukundireba ta huda, dama ya riga ya mutu.

Mun yi sa'a a nan. Motar da ta rayu a Kano ba ta sha gishirin titi irin na Turai ba, ba ta sha iskar teku irin ta Legas da Fatakwal ba. Tsatsarmu daga wurare sanannu take zuwa: ruwan wanki da ya kwanta ƙarƙashin darduma, ganye da ƙasa da suka toshe magudanan ruwa, ruwan batir, da takin zamani ko gishirin da a-kori-kura ta sha ɗauka. Rana ce babbar maƙiyiyarmu. Ita ke fasa dashbod, ta busar da duk wata roba.

Idan tsatsa ta cinye mazaunin shokozoba da dogarai biyun da daɓe gaba ɗaya, shawarata ka nemo wani bodin mai lafiya, wannan ta zama ta ciro kaya.

4. Nemi wuri mai rufi da ƙofa

Kada ka yi wannan aiki a ƙofar gida ko a fili. Mota idan aka kwance ta takan cinye wurin motoci uku. Kana bukatar daɓen siminti, rufi, ƙofa mai kwaɗo da maigadi.

A nan Bompai za ta yi maka rana. Masana'antu da dama a can, da Sharaɗa da Challawa, sun daina aiki, gine-ginensu sun koma sito. Zaga ka yi magana da masu kula da su a ba ka kusurwa haya. Duba abu uku: rufin ba ya yoyo, akwai wutar da za ta ja injin walda da kwamfaresa, kuma akwai ƙarfen sama mai ƙwarin da za a rataya cen bulok. A rubuta yarjejeniya ta shekara guda, da damar sabuntawa. Kada ka yarda da wata uku, aikin zai wuce haka.

5. Kuɗi da masu aiki

Mutum biyar za su taɓa motar: bakanike, fanalbita, rewaya, mai fenti da mai ɗinkin kujera. Fanalbita ne zai fi kowa tasiri, don haka a kansa za ka fi tsananta bincike. Je ka ga motar da ya gyara shekara biyu baya, ka tafi da maganaɗisunka. Makanikan Fijo kuwa, tambayi tsofaffin direbobin wagon a tashar Unguwa Uku, ko ka zaga garejojin Kwakwaci. Nemi mai furfura.

Raba aikin gida-gida, kowane gida da kuɗinsa. A gama, ka duba, ka biya. Kada ka ba da kuɗin aiki duka a gaba. Kaya kuma kai za ka saya da kanka, ko ku je tare, kuma duk tsohon da aka cire a dawo maka da shi.

Duk lissafin da ka yi, ƙara rabinsa a kai ka ajiye gefe. Sai an kankare fenti ake sanin gaskiyar mota.

6. Mako guda kafin a kwance noti na farko

Wanke ta sosai, har ƙarƙashi. Sannan ka bi duk notin da idonka ya gani ka fesa masa WD-40 ko makamancinsa, kullum har kwana bakwai. Wasu na amfani da man birki, amma yana cin fenti, ka kiyaye.

Gwada injin tun yana kan mota. Cire fulogi huɗun, ɗiga ɗan mai a kowane rami, bar shi ya kwana. Washegari sa sifana a notin fulin gaba ka juya da hannu. Idan ya juya, madalla. Kada ka buga kik da tsohon fetur ɗin da ya shekara a tanki, zai toshe maka kafireto.

Ɗauki hoto. Ɗauki da yawa. Kowace waya da inda ta shiga, kowane tiyo da hanyar da ya bi, bayan dashbod, cikin ƙofa, ƙarƙashin kujera. Yi bidiyo kana magana kana nunawa da yatsa. Tura su wani wuri na biyu, domin waya na faɗuwa ko a sace ta.

Auna tazarar da ke tsakanin kowace ƙofa da bodi, sama da ƙasa, haka bonet da but. Rubuta a littafi mai bango mai ƙwari. Littafin nan zai zauna da motar har ranar da za ta fita.

7. Kwancewa

Batir ne farko. Tankin mai ne na biyu. Tsiyaye shi, sauke shi, kai shi waje nesa da inda za a yi walda. Tankin da babu mai a ciki ya fi cikakke haɗari, saboda tururin fetur ne ke fashewa. Kada wani ya kusance shi da wuta don kawai an ɗauraye shi da ruwa sau ɗaya.

Daga nan bi daga waje zuwa ciki: bamba, fitilu, ƙarafunan ado, kujeru, darduma, gilasai, dashbod, wayoyi. Sai lagireto da salansa, sai inji da giyabos. Ƙafafu su ne na ƙarshe, domin muddin tana kan tayoyinta za ka iya tura ta.

Ga dokar da ba na sassauci a kanta. Kowane abu da notinansa a leda ɗaya. Rubuta sunansa a ƴar takarda da fensir, ka jefa takardar cikin ledar, ka ɗaure. Rubutun maka a bayan leda yana gogewa da zarar mai ya taɓa shi. Rubuta dalla-dalla: "ƙofar direba, hinji na sama, noti 3, washa 2". Ledojin kowane sashe su shiga kwali guda, kwalin ya samu lamba, lambar ta shiga littafi. Inda zai yiwu, mayar da noti cikin raminsa bayan ka cire abin da ya riƙe.

Mutum ɗaya ke kwancewa, mutum ɗaya ke rubutu. Idan yaran gareji biyar suka sa hannu lokaci guda, ka riga ka yi asara.

Kowace waya a naɗa mata tef a rubuta inda ta fito. Ko da za ka sake wayarin gaba ɗaya, ciro tsohon a dunƙule, kada a yayyanka. Shi rewaya zai shimfiɗa a kan katako ya kwaikwaya.

Gilashin gaba da na baya: yanka tsohuwar robar da reza, ka ɗago gilashin cikin sauƙi. Roba ana samun sabuwa. Gilashin asali idan ya fashe, sai an sha yawo. Jingine su a tsaye a naɗe da bargo.

Kafin a cire bonet da but, huda ɗan ƙaramin rami na milimita 3 ta cikin hinji har jikin bodi. Ranar mayarwa sai ka zura ƙusa a ramin, komai ya koma mazauninsa ba tare da wahala ba.

Fijo, Marsandi da Bitil duk notinan milimita ne. Tanadi sifana da soket 10, 11, 13, 17 da 19 masu kyau. Tsohuwar Land Rover kuwa awon Ingila ne da ita. Idan aka matsa mata sifanar milimita, kan notin zai murje. Notin da ya ƙi, a gasa shi da wuta kaɗan a sake gwadawa. Ƙarfi ba ya kwance shi, karya shi yake yi.

Farfelar 504 a cikin bututu take, wanda ya haɗe giyabos da ƙafar baya, don haka ba a zare ta kamar ta sauran motoci. Bar wa wanda ya saba. Sifirin ɗin gaba ma haka. A matse yake da ƙarfin da zai iya karya hannu ko muƙamuƙi, sai da abin matse shi ake kwance notin sama.

Kada kowa ya shiga ƙarƙashin mota tana kan jak kaɗai. Kada a ɗora ta a kan bulo, yana rugujewa ba sanarwa. Sa a yi maka ƙafafun ƙarfe huɗu masu faɗin gindi.

Kada ka zubar da komai, ko ruɓaɓɓe ne, sai motar ta koma titi. Da tsohon ake gwada sabo.

8. Raba bodi da casis

Wannan na masu Bitil, Land Rover da Land Cruiser ne, amma masu Fijo ma ku karanta sakin layi na gaba.

Kafin a ɗage bodi ko a yanke dogari, a ɗaure shi daga ciki. Mai walda ya kafa ƙarfen angil ko faif a bakin kowace ƙofa, ya sa wani a gicciye daga hagu zuwa dama. Bodin da tsatsa ta ci ƙasansa, da zarar ya rabu da abin da ke riƙe shi sai ya lanƙwashe, ƙofofi su daina rufuwa har abada. Wannan ɗaurin na wuni ɗaya ne, amma shi ke ceton motar.

A Bitil notinan suna jere a ƙarƙashin gefe biyu. Akwai kuma ɓoyayyu a ƙarƙashin kujerar baya, da wurin shokozoba na baya, da gaba ƙarƙashin tankin mai. Raba sandar sitiyari, wayar mita, tiyon man birki da wayoyin wuta. Tara maza shida. A ɗaga kaɗan, a tsaya, a leƙa. Idan wani gefe ya ƙi tashi, akwai notin da aka manta. Kada a fizga. Land Rover ta fi sauƙi, gunduwa-gunduwa take fita, sai dai bangon ƙarfen da ke gaban direba yana cin tsatsa sosai, duba shi da kyau.

Idan casis ya fito tsirara, ɗora shi a daɓe mai daidai. Auna daga kusurwar gaba ta hagu zuwa ta baya ta dama, sannan ɗaya gicciyen. Awo biyun su zo ɗaya. Idan sun bambanta fiye da ƴan milimitoci, motar ta taɓa haɗari, a miƙe ta kafin a ci gaba. Bi shi da ƙaramar guduma kana saurare. Lafiyayyen ƙarfe ƙara yake yi mai zaƙi, ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji dum, ɓawon tsatsa na zuba daga ciki.

9. Kankara da walda

A nan kuɗinka ya kamata su fi tafiya. Cusa fila a kan tsatsa kamar yi wa bangon da gara ta cinye yaɓe ne. Damina ɗaya za ta tona asiri.

A kankare har farin ƙarfe. Feshin yashi yana da kyau ga casis da ƙarƙashin mota, amma a kan rufi, bonet da ƙofofi yana lanƙwasa ƙarfe. Waɗannan a bi su da maganin cire fenti da samfefa. Mai aikin ya rufe hanci da abin kirki, ƙurar yashi da ta tsohon fenti suna lalata huhu. Wurin lambar casis a rufe shi da tef, giranda kada ta kusance shi.

Tsara aikin ƙarfe ya faɗo a rani, daga Nuwamba zuwa Maris. Busasshiyar iskar Kano tana ba ka lokaci. A watan Agusta kuwa farin ƙarfe kan yi ja cikin dare ɗaya. Ko yaushe ne dai, a fesa faraima ta ifoksi da zarar an gama kankara.

Wurin da ya ruɓe a yanke shi har inda ƙarfe mai lafiya ya fara. A yanko sabon falle mai kauri irin na wurin, kusan milimita 1 a fatar waje, ya fi haka a dogari da daɓe. A haɗa baki da baki. Facin da aka ɗora a kan tsohon ƙarfe yana ɓoye ruwa a tsakani, tsatsa ta dawo ta nan.

Fanalbitocinmu sun ƙware da waldar gas, kuma akwai masu hannu na ban mamaki. Sai dai zafinta yana bazuwa ya murɗa falle. Idan za ka samu mai injin MIG, shi ya fi. A riƙa ɗiga walda nan da can ana bari ya huce. Likin jan ƙarfe kuma kada a yi shi a dogari ko mazaunin shokozoba.

Gefe ɗaya ake yi a gama kafin a taɓa ɗayan, kuma ƙofofi su zauna a jiki lokacin da ake sauya dogari, domin su ne ma'auni. Fila tana da wurinta: shafe ƴan ƙananan lotsawa, kaurinta kada ya wuce milimita 3. Je da kanka ka ga waldar kafin a rufe ta, ka ɗauki hoto.

10. Inji

Injin fetur na 504 mai lita 2 yana da sauƙin hali, amma yana da sirri guda. Silif ɗinsa huɗu zura su aka yi, ruwan sanyaya inji na zagaye su kai tsaye, akwai abin toshe ruwa a gindin kowanne. Idan aka cire tof silinda sannan wani ya juya injin, fistin zai turo silif sama, toshin ya lalace, ruwa ya gangara cikin baƙin mai. Saboda haka da an ɗage tof, a danne silif ɗin da manyan washa da notina kafin a taɓa komai. Tof ɗin ma gefe ake girgiza shi ya saki, ba a fizge shi sama.

Tof ɗin alminiyam ne. Shekarun da aka yi ana zuba wa lagireto ruwan rijiya sun ci shi daga ciki. Kai wa masu injin sassaƙa ƙarfe su duba ko ya lanƙwashe ko ya tsage, su auna karanshaf kafin ka sayi ringi da metal. Bayan gyara, ruwan lagireto na gaske za ka riƙa zubawa. Tamostat da aka saba cirewa a yar, a mayar da shi.

Ka tuna Faransawa daga wajen giyabos suke fara ƙirga silinda ta 1. Rewaya ko bakaniken da ya saba da motocin Japan zai iya juya maka wayoyin fulogi.

11. Birki, taya da waya

A nan babu gyara, sauyawa ake yi. Tiyon birki na roba duka, robobin masta, man birki, tiyon fetur. Ƙurar tsohon birki tana iya ƙunsar asbestos, kada a hure ta da iska, a jiƙa a goge.

Taya ko da zanenta bai goge ba, duba lambobi huɗu na ƙarshe a gefenta bayan DOT. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Wadda ta daɗe a ajiye a ranar Kano ta gama aiki.

Rewaya ya sa fis a inda fis yake. Duk wayar da aka murɗa da hannu aka naɗe da leda, a cire ta.

12. Fenti da kujeru

Kafin fenti, a mayar da ƙofofi, bonet, but, fitilu da bamba a gwada. Fito da littafinka ka duba tazarar da ka auna. Duk gyaran guduma a gama shi yanzu.

Launin asali yana nan a ɓoye ƙarƙashin darduma ko bayan dashbod, inda rana ba ta taɓa ba. Da shi za a haɗa fenti, kuma shi nake so ka mayar. Nemi rufaffen ɗakin fenti, musamman idan hunturu ya shigo da ƙurarsa. A zafin Afrilu kuma da sassafe ake fesawa. Bayan fenti a fesa kakin hana tsatsa cikin dogarai da ƙofofi, a buɗe magudanan ruwa.

Kujeru: idan asalinsu yadi ne ko leda, mayar da irinsa. Idan fata kake so, masana'antun jima suna Challawa da Sharaɗa, amma yawancin aikinsu fatar awaki da tumaki ce, wadda ta yi ƙanƙanta da laushi ga kujerar mota. Ta saniya za ka nema. Rufin ciki kuma kafin gilasai ake sa shi, domin bakinsa a ƙarƙashin robar gilashi yake shiga.

13. Sayen kaya da fita ta farko

Fara da Ƙofar Ruwa. Abin da babu, Panteka a Kaduna, sai Ladipo a Legas ko kasuwar Nkwo a Nnewi. Idan kana da ɗan'uwa a Maraɗi, tura masa hoto, Fijo ta daɗe tana aiki a Nijar. Kullum tafi da tsohon a hannu. Tsohon kayan asali mai lafiya ya fi sabon jabu, araha ba ta ado. Ƙananan abubuwan ado irin su tambarin zaki, hannun ƙofa da murfin fitilar baya, saye su duk ranar da ka gani, su ne ke ƙarewa a kasuwa.

Wurin mayarwa, buɗe littafinka daga shafin ƙarshe ka yo baya: bututun birki da na mai, ƙafafu, wayoyi, inji, sannan cikin mota.

Sabunta takardu da inshora kafin taya ta taɓa kwalta. Fitar farko a yi ta ranar Lahadi da safe a cikin Bompai, lokacin da tireloli suka yi sauƙi, da bakanike a gefenka da abin kashe gobara a ƙasan kujera. Gwada birki tun kana tafiya a hankali. Bayan minti goma tsaya, buɗe bonet, leƙa ƙarƙashi ko akwai ɗigo, taɓa kowane wili ka ji ko ya yi zafi. Idan ta cika kilomita 1,000, a yi juye, a sake duba ɗaurin notinan tof da saitin tafet, a bi notinan ƙafafu ɗaya bayan ɗaya.